Yadda Ake Haɗa Kwamfuta Mai Araha, Marar Ƙara, Domin Binciken Naɗewar Furotin

Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne aka fi sani a jikin halittu, kuma sarƙar ba ta fara aikinta sai ta naɗe ta ɗauki siffa ta musamman. Idan naɗewar ta karkace, furotin na iya dunƙulewa da 'yan'uwansa ya zama illa ga jiki, kuma masana sun danganta irin wannan karkacewa da cututtukan Alzheimer da Parkinson da Huntington. Ɗaya daga cikin hanyoyin fahimtar yadda abin yake faruwa ita ce kwaikwayonsa a kwamfuta, inda ake lissafa jan da kowace ƙwayar zarra take yi wa maƙwabtanta, a gusa da su kaɗan, sannan a sake lissafin daga farko. Wahalar ita ce kowane mataki yana wakiltar kimanin femtosakan 2 ne kawai, wato kashi 2 cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa, alhali naɗewar kanta tana iya ɗaukar kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa. Wanda ya raba waɗannan alƙaluma zai ga cewa ana bukatar matakai biliyan 500 kafin a ga naɗewa guda ta irin wannan.

Shirin Folding@home, wanda ɗakin binciken Vijay Pande na Jami'ar Stanford da ke Amurka ya ƙaddamar a watan Oktoba na shekarar 2000, ya warware wannan ta hanyar yanyanka aikin ƙanana-ƙanana a rarraba wa kwamfutocin masu sa kai ta intanet, kowace ta lissafa nata kason ta mayar, masu bincike kuma su harhaɗa sakamakon. Daga baya jagorancin shirin ya koma hannun Greg Bowman, kuma a shekarar 2020, lokacin annobar korona, jama'a suka shiga da yawa har ƙarfin lissafinsa ya haura biliyan sau biliyan a kowace daƙiƙa. Wasu na zaton cewa AlphaFold, shirin kwamfuta mai hasashen siffar furotin, wanda masu ƙirƙirarsa suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024 tare da David Baker, ya kawo ƙarshen bukatar wannan aiki. Ba haka abin yake ba, domin AlphaFold siffar ƙarshe yake hasashe, shi kuwa Folding@home motsin furotin yake bi, yadda yake buɗewa da rufewa da inda magani zai iya samun wurin kamawa.

Kwamfutar da za ta yi wannan aiki ta bambanta da ta ofis ko ta wasanni ta fuska guda, wato ba ta hutawa. Saboda haka wanda yake neman mai araha kuma marar ƙara, abu ɗaya yake nema a zahiri: kwamfuta mai shan wuta kaɗan. Duk wat ɗin da ya shiga cikinta zafi yake zama, zafin fanka ce take fitar da shi, fanka kuwa ita ce tushen mafi yawan ƙarar. Kwamfutar da take jan wat 200 dare da rana tana cinye kilowat-awa 144 a wata mai kwana 30, ko 1,752 a shekara, kamar dai an bar tsofaffin ƙwayayen fitila biyu masu wat 100 a kunne ba a taɓa kashe su ba. Kafin a sayi ko da sukuru ɗaya, ya kamata mutum ya ninka wannan adadi da farashin yunit da ke kan takardar kuɗin wutarsa, domin ba abin mamaki ba ne kuɗin wutar 'yan shekaru ya zarce kuɗin kayan.

Katin hoto shi ne kusan komai

Lissafin naɗewar furotin iri ɗaya ne da ake maimaitawa a kan dubban ƙwayoyin zarra a lokaci guda, kuma katin hoto, wanda aka fi sani da GPU, an ƙera shi ne da dubban ƙananan injinan lissafi masu aiki tare. Folding@home yana amfani da manhajar OpenMM a kan katin hoto, da manhajar GROMACS a kan furosesa, wato babban injin lissafin kwamfutar da aka fi sani da CPU, kuma kati matsakaici yana ninka aikin furosesa mai kyau sau da yawa ba tare da ya ninka shan wutarsa haka ba. Don haka mafi yawan kuɗin da aka ware kan kati ya kamata ya tafi.

Akwai dalilin da ya sa kati ɗaya mai sauri ya fi biyu masu jinkiri, kuma yana da kyau a fahimce shi sosai domin shi ne zai jagoranci sayayyar. Kowane ƙunshin aiki da aka turo wa mutum ɗan guntu ne na doguwar tafiya, kuma ba za a iya ƙirƙirar guntu na gaba ba sai an mayar da na yanzu, tunda inda wannan ya tsaya nan wancan zai tashi. Don ƙarfafa mayarwa da wuri, shirin yana ba da garaɓasar maki da take ƙaruwa gwargwadon saurin mayarwa, ta yadda katin da ya ninka wani a sauri zai samu kusan ninki 2.8 na makinsa a rana, ba ninki 2 ba. Makin ba kuɗi ba ne, ba a sayen komai da shi, amma shi ne ma'aunin da masu shirin suka ajiye don nuna abin da ya fi amfanar bincikensu, kuma shi ne mafi sauƙin abin da mai kwamfuta zai auna aikinsa da shi.

Katunan NVIDIA da na AMD duka suna aiki. Tun shekarar 2020 shirin ya fara amfani da fasahar CUDA ta NVIDIA, wadda ta ƙara wa katunanta sauri, su kuwa na AMD ta OpenCL suke bi, kuma a mafi yawan lokuta na NVIDIA ne kan gaba idan aka auna aiki da wutar da aka sha. Abin da za a duba a takardar bayanin kati shi ne iyakar wutarsa da kuma zamanin da aka ƙera shi. GTX 1660 Super yana jan wat 125, RTX 3060 yana jan 170, RTX 4060 yana jan 115, RTX 4070 kuma 200. A nan ake ganin amfanin sabon zamani, domin RTX 4060 bai gaza RTX 3060 a aiki ba duk da cewa ya rage masa wat 55, wanda ya kai kilowat-awa 480 da ɗoriya a shekara. Tsohon kati mai arha da ke jan wat 250 yana iya burge mutum ranar sayayya, amma kowane wata zai riƙa karɓar abin da aka yi zaton an tsira da shi. Katunan da suka tsufa ƙwarai ma shirin ba ya ba su aiki sam, saboda haka a duba jerin katunan da yake karɓa kafin a biya.

Yawan ma'adanar da ke kan katin ba abin damuwa ba ne, domin wannan aiki bai cika cinye ta ba, kuma biyan ƙarin kuɗi saboda gigabait 16 a maimakon 8 asara ce a nan. Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne ƙarfen sanyaya. Cikin katunan da suke da ƙwaƙwalwa iri ɗaya, a zaɓi mai ƙarfe mai kauri da fankoki biyu ko uku masu faɗi, a guji mai ƙaramar fanka guda da ke hura iska ta baya, domin irin wannan tana juyawa da gudu kuma ƙararta siririya ce mai shiga kunne. Idan na hannu za a saya, a nemi a gan shi yana aiki da cikakken nauyi na aƙalla rabin awa, a saurari fankokin ko akwai mai gurnani ko karkarwa, a kuma duba zafinsa. Fanka da man sanyaya, wato man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar kati da ƙarfen sanyaya, ana iya sauya su da kuɗi kaɗan, amma katin da ke fitar da ɗigo-ɗigo ko layuka a fuskar allo, ma'adanarsa ce ta soma lalacewa, kuma zai riƙa ɓata lissafi.

Sauran kayan aikinsu kawai su ciyar da katin. Furosesa mai ƙwaƙwalwa huɗu ko shida, wato injinan lissafin da ke cikinsa, da bai wuce wat 65 ba ya wadatar, kamar Core i3-12100 na Intel ko Ryzen 5 5600G na AMD, ko ma wanda ya girme su. Kowane katin hoto yana riƙe zare ɗaya na furosesa, wato layin aiki guda daga cikin waɗanda yake tafiyarwa, don miƙa masa bayanai da duba sakamakonsa, saboda haka saurin ƙwaƙwalwa guda ya fi yawansu muhimmanci. A ganina bai kamata a sa furosesa shi ma ya yi naɗewar ba a kwamfutar da ake son ta yi shiru, domin zai ƙara wat 50 ko fiye da fanka mai gudu, alhali abin da zai ƙara a maki kaɗan ne idan aka kwatanta da na katin. Wanda yake son aikin furosesa ya fi dacewa ya duba Rosetta@home na Jami'ar Washington, wanda ke tafiya a kan manhajar BOINC, sai dai wannan wata kwamfuta ce dabam da take bukatar ƙwaƙwale masu yawa da kuma RAM mai yawa, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita.

Babban allo, wato farantin da ake jona dukkan kayan a kansa, mafi sauƙi da ya dace da furosesan ya isa, muddin yana da gurbin PCIe mai layi 16 da kuma wuraren jona fankoki masu fil huɗu, waɗanda ake iya sarrafa gudunsu. RAM na gigabait 8 ya wadatar. Ma'adana kuwa ƙaramar SSD ce, ko ta gigabait 128, domin tsohon faifai mai juyawa yana ƙugi kuma yana girgiza akwatin. A sa katin kai tsaye a gurbin da ya fi kusa da furosesa, kada a yi amfani da 'yan wayoyin nan masu layi ɗaya na masu haƙar kuɗin intanet, domin naɗewar furotin tana yawan musayar bayanai tsakanin kati da furosesa, kuma siririyar hanya tana rage mata gudu, musamman a Windows.

Hanya mafi arha ita ce a samu tsohuwar kwamfutar ofis a ƙara mata kati, amma akwai tarko uku a ciki. Akwatin na iya zama siriri da kati ba zai shiga ba, na'urar wutarta, wadda ke rarraba wa kayan cikin wuta, na iya zama mai rauni marar wayar kati, kuma wasu kamfanoni suna amfani da soket nasu na musamman ta yadda ba za a iya sauya na'urar da ta kasuwa ba. Gurbin PCIe shi kaɗai wat 75 yake bayarwa, waya mai fil shida tana ƙara 75, mai fil takwas kuma 150. Idan na'urar wutar ba ta da irin waɗannan wayoyi, sai a tsaya ga katin da gurbin kaɗai ke ciyarwa, kamar mafi yawan GTX 1650 ko RTX 3050 mai gigabait 6, kada a yi dabarar jona shi da wayoyin ma'adana, domin ba a yi su don ɗaukar wannan nauyi dare da rana ba kuma suna iya narkewa.

Na'urar wuta ita ce wurin da araha ba ta ado. Kayan da zai kwana yana aiki alhali mutanen gida suna barci bai kamata a rataya shi a kan na'urar da ba a san wanda ya ƙera ta ba. A nemi mai shaidar ingancin amfani da wuta ta 80 Plus daga kamfani sananne, mai ƙarfin kusan ninki biyu na abin da kwamfutar za ta ja, wato wat 450 zuwa 550 ga kati mai jan 115 zuwa 170, domin a tsakiyar ƙarfinta ne na'urar ta fi inganci kuma fankarta ta fi natsuwa. A rabin nauyi, mai darajar Bronze tana miƙa kusan kashi 85 cikin 100 na wutar da ta ja, mai darajar Gold kuma kusan kashi 90. Idan kayan cikin suna bukatar wat 200, ta farko za ta ja 235 daga bango, ta biyu 222, bambancin kuma ya haura kilowat-awa 110 a shekara. Wasu na'urorin fankarsu ba ta juyawa ma sai nauyi ya kai wani mataki, kuma wannan alheri ne ga mai neman shiru. Ko da wasa kada a buɗe cikin wannan na'ura, domin tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare ta.

Iska da ƙara

Mutane da yawa suna sayen akwati mai soso a ciki, rufaffe ta gaba, da zaton zai toshe ƙara. Ga kwamfutar da ke aiki na ɗan lokaci wannan yana da amfani, amma ga wadda zafinta ba ya yankewa, rufewar tana tilasta wa fankoki gudu, sai ƙarar ta fi wadda aka toshe. Akwati mai raga a gaba da fankoki manya masu juyawa a hankali ya fi. Dalilin yana cikin ɗabi'ar fanka: iskar da take turawa tana tafiya daidai da gudunta, amma ƙararta tana hawa da sauri fiye da haka, ta yadda rage gudun da rabi yana sauke ƙarar da kimanin desibel 15. Fankoki biyu masu ƙara iri ɗaya kuwa desibel 3 kawai suka fi guda ɗaya. Ke nan fankoki biyu a rabin gudu suna tura iskar da guda ɗaya take turawa a cikakken gudu, amma da ƙarar da ta yi ƙasa da kusan desibel 12, kuma kunnen ɗan Adam yana jin ragin desibel 10 kamar an raba ƙarar biyu.

Tsarin da ya wadatar shi ne fankoki biyu masu milimita 120 ko 140 a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Idan iskar da ke shiga ta ɗan fi mai fita yawa, ƙura za ta bi ta raga mai tacewa ne kawai, ba ta kowace kafa ba. A cikin BIOS, wato shafin saitin babban allo da ake shiga yayin kunna kwamfuta, a saita su su tsaya a gudu ɗaya, tsakanin juyi 600 da 900 a minti, maimakon su riƙa hawa da sauka, domin kunne yana saba wa ƙarar da ba ta canzawa amma yana lura da wadda take tashi tana kwantawa. Sanyaya da ruwa ba ta da wani amfani a nan, tunda tana da tsada kuma famfonta yana da nasa ƙugin. Fankar da ta zo tare da furosesa ma za ta iya isa idan furosesan ba ya naɗewa.

Akwai wata ƙarar da fanka ba ta da hannu a ciki, wato tsuwa siririya da ke fitowa daga naɗaɗɗun wayoyin da ke kan kati ko cikin na'urar wuta idan nauyi ya hau. Ba alamar lalacewa ba ce, kuma sau da yawa rage wutar katin yana sassauta ta.

Haɗawar kanta ba ta da wahala. A zare komai daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin lokaci-lokaci don sauke wutar da jiki ke tarawa, sannan a ɗora furosesa da RAM da SSD a kan babban allo tun yana waje. Furosesa yana da 'yar alama mai kusurwa uku a gefe guda da za ta dace da irinta a gurbinsa, kuma idan an daidaita zai zauna da kansa ba tare da dannawa ba. Kafin a ɗora ƙarfen sanyaya a juya shi a duba ƙasansa, domin sau da yawa akwai siririyar leda mai sheƙi da ake mantawa ba a ɓare ba, kuma ita kaɗai tana iya sa furosesa ya yi zafi har kwamfutar ta kashe kanta. Idan babu man sanyaya a shafe a kai, ɗigo ɗaya a tsakiya ya isa, kuma a ɗaure sukurorin a gicciye kaɗan-kaɗan don man ya bazu daidai. Bayan an ɗaure allon a kan ƙafafunsa cikin akwati, a jona waya mai fil 24 da ta furosesa mai fil takwas, a tura katin har sai maƙallin gurbin ya yi ƙas, a kuma tura wayarsa har ƙarshe, domin soket ɗin da bai shiga sosai ba shi ne yake zafi. A ɗaure wayoyi a baya don kada su tare iska ko su taɓa fanka.

Manhaja da rage wuta

Linux, kamar Ubuntu ko Debian, shi ya fi dacewa da kwamfutar da wannan ne kaɗai aikinta, domin kyauta ne, ba ya sake kunna kansa ba da izini ba, kuma katin yakan fi ɗan sauri a kansa. Idan katin na NVIDIA ne, dole ne a sa direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da katin, na kamfanin kansa, domin direban nouveau da ke zuwa da tsarin ba ya iya wannan aiki. Windows ma yana yi, sai dai a kashe masa barci a kuma tabbatar manhajar tana tashi da kanta bayan an sake kunnawa. Manhajar Folding@home daga shafin shirin kaɗai za a sauke ta. Sabon zubinta na 8 ta burauza ake sarrafa shi, kuma idan an buɗe asusu ana iya duba kwamfutar daga wata na'ura, ta yadda bayan an gama saiti za a iya cire mata allo da madannai gaba ɗaya. A cikin BIOS a kunna zaɓin da ke sa ta tashi da kanta idan wuta ta dawo.

A zaɓi suna, a shiga ƙungiya idan ana so, sannan a nemi mabuɗin sirri da shirin ke kira passkey, wanda ake turowa ta imel. Garaɓasar saurin mayarwa ba ta fara aiki sai an kammala ƙunshi 10 da wannan mabuɗi, kuma sai mutum yana mayar da aƙalla kashi 80 cikin 100 na abin da ya karɓa cikin wa'adi. A kunna katin hoto a cikin saitin, a sauke zaren furosesa zuwa sifili. Dokar shirin ce cewa ba a sa manhajar a kwamfutar da ba ta mutum ba sai da izinin mai ita.

Mataki mafi amfani a dukkan aikin shi ne rage iyakar wutar katin, kuma ba ya cin ko sisi. Kamfanoni suna tura katunansu zuwa ƙarshen abin da za su iya domin su yi fice a gwaji, amma wutar da ƙwaƙwalwa take sha tana hawa ne da ninkin ƙarfin lantarkin da aka ba ta a kansa, saboda haka ɗan saurin ƙarshe shi ne mafi tsada. Idan aka sauke iyakar zuwa kashi 70 ko 80 cikin 100, abin da aka rasa a sauri bai kai abin da aka tsira da shi a wuta ba. A Linux, umarnin nvidia-smi -q -d POWER yana nuna mafi ƙanƙanta da mafi girman iyakar da katin ya yarda da ita, nvidia-smi -pl 130 kuma zai tsayar da kati irin RTX 3060 a wat 130 maimakon 170. Saitin yana gogewa idan an sake kunna kwamfutar, don haka a sa shi cikin abubuwan da ke tashi tare da tsarin. A Windows manhajar MSI Afterburner tana yin wannan da jan ma'auni guda.

Kada a yi wannan da ka, a auna. Manhajar tana rubuta layi a littafin aikinta duk lokacin da ta kammala kashi 1 cikin 100 na ƙunshi, tare da lokacin da hakan ya faru, kuma tazarar da ke tsakanin layi biyu ita ce saurin katin. A lura da tazarar a cikakkiyar wuta na layuka biyar ko shida, a rage wat 10, a jira zafin ya daidaita, a sake lura, duk a kan ƙunshi ɗaya, domin ayyuka sun bambanta a girma kuma kwatanta biyu dabam yaudarar kai ne. A lokaci guda a sa ƙaramin mitan wat tsakanin kwamfutar da bango. Da farko za a ga wat yana sauka tazarar kuma ba ta cika motsi ba, sannan a kai wani wuri inda kowane ragi yake ƙara daƙiƙoƙi a fili, to kafin wannan wurin ake tsayawa. A riƙa tuna cewa saboda garaɓasar, jinkirin kashi 10 yana rage maki da kusan kashi 15, don haka da makin za a yi kwatancen ƙarshe, a raba shi da wat ɗin da mitan ya nuna.

Kishiyar wannan, wato tura kati ya wuce gudun da aka ƙera shi da shi, ba ta da wuri a nan. Kuskuren lissafin da ba zai bayyana a wasa ba yana iya ɓata ƙunshi gaba ɗaya, kuma idan littafin aiki ya fara nuna cewa an gano mummunan yanayi an koma baya, ko an watsar da ƙunshi, abu na farko shi ne a mayar da katin gudunsa na asali a kuma duba zafi. Yawancin katunan GeForce suna matsa wa kansu birki idan suka kai wajen digiri 83 na Salsiyas, kuma katin da aka rage wa wuta cikin akwati mai iska ya kamata ya zauna tsakanin 60 da 75.

A ajiye kwamfutar a kan abu mai tauri, ba a kan darduma ko cikin rufaffen kabad ba, a bar mata sarari ta gaba da ta baya. Zafin da take fitarwa yana nan cikin ɗakin, abin so a lokacin sanyi, amma idan ɗakin yana da na'urar sanyaya iska, sai an ƙara kuɗin fitar da wannan zafi a cikin lissafi. A jona ta ta na'urar kariya daga hauhawar wuta. Ɗaukewar wuta ba ta cika ɓata aiki ba tunda manhajar tana ajiye inda ta kai lokaci-lokaci, amma kowane ƙunshi yana da wa'adi, kuma idan ya wuce uwar garke, wato babbar kwamfutar shirin da ke rarraba aikin, za ta miƙa shi ga wani, aikin da aka yi ya tafi a banza. Saboda haka idan za a kashe kwamfutar na tsawon lokaci, a danna umarnin kammalawa, wanda ke sa ta gama na hannunta ta mayar ba tare da ta karɓi sabo ba, maimakon na dakatarwa.

Sau ɗaya a wata ko biyu a zare ragar gaba a kakkaɓe, kuma idan za a hura iska a cikin akwatin a riƙe fankokin da yatsa don kada su juya fiye da kima. Ya kamata a rubuta zafin katin da gudun fankarsa a makon farko a ajiye, domin da su za a gane canji. Idan bayan watanni zafin ya ƙaru da digiri 5 ko fiye alhali iyakar wutar da zafin ɗakin ba su canza ba, a fara da share ƙurar da ke tsakanin ganyayyakin ƙarfen sanyaya, idan kuma hakan bai sauke shi ba, to lokacin sauya man sanyayan katin ya yi.